Sa'id Halim Pasha: Wazirin da Ya Ƙi Sauka

Malam Habu Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau ina so mu tattauna kan wani mutum da ya daɗe yana damuna: Sa'id Halim Pasha, Babban Wazirin Daular Usmaniyya ta Turkiyya (ba tamu ta Shehu ba, kada a ruɗe) daga Yunin 1913 zuwa Fabrairun 1917.

Jikan Muhammad Ali Pasha na Masar ne, a Alƙahira aka haife shi, ya tashi a Istambul, ya yi karatu a Suwizalan. Yana jin Larabci da Turkanci da Farisanci da Faransanci. Masani ne na gaske, rubuce-rubucensa kan halin da Musulmi suka shiga har yau ana karanta su. Amma a zamanin da yake riƙe da hatimin waziranci aka jefa daular cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a zamaninsa aka kwashe Armeniyawa daga garuruwansu aka hallaka su. Masu kare shi suna cewa iko ba a hannunsa yake ba, yana hannun Talat da Anwar da Jamal, jagororin jam'iyyar da ke mulki a lokacin. Ni kuwa abin da nake cewa shi ne, wanda ya san ba shi da iko amma ya ci gaba da ara wa masu iko sunansa da sa hannunsa, ba zai ce ba ruwansa ba. Ina jiran ra'ayoyinku.

Bashir Ɗalibi:
Wa alaikumus salam Malam. Don Allah a fara mana daga tushe. Ya aka yi basaraken Masar ya zama waziri a Istambul?

Malam Habu Zariya:
Rigimar gadon sarauta ce ta kawo su. Mahaifinsa, Halim Pasha, yana cikin masu jiran gadon sarautar Masar, sai Khedive Isma'il, wato mai sarautar Masar a lokacin, ya sa aka sauya tsarin gado a 1866 ya koma daga uba zuwa ɗa. Suka ɓata, gidan Halim ya tattara ya koma Istambul. Shi Sa'id ya shiga aikin gwamnati a zamanin Sultan Abdulhamid na Biyu, daga baya 'yan leƙen asirin fada suka sa masa ido, ya fice daga ƙasar, ya riƙa taimaka wa matasan da ke adawa da Sultan da kuɗinsa. Da suka yi juyin 1908 ya dawo tare da su. Jam'iyyarsu ita ce Ittihad wa Taraƙƙi, wato haɗin kai da ci gaba.

A Janairun 1913 Anwar ya kutsa fadar gwamnati da 'yan bindiga, aka harbe ministan yaƙi Nazim Pasha, aka tilasta wa tsohon waziri Kamil Pasha ya rubuta takardar murabus. A gwamnatin da aka kafa bayan wannan Sa'id Halim ya zama ministan harkokin waje. Ranar 11 ga Yuni 1913 aka bindige Babban Waziri Mahmud Shaukat Pasha a cikin motarsa, kujerar ta faɗo kansa.

Ka lura da dalilin da ya sa suka zaɓe shi. Talat tsohon ma'aikacin gidan waya ne, Anwar soja ne ɗan shekara talatin da 'yan kai. Suna buƙatar dattijo mai asali, mai dukiya, wanda jakadun Turai za su zauna da shi ba tare da raini ba.

Ustaz Nura:
Allah ya gafarta Malam, na ga ka riga ka yanke hukunci kafin a saurari shaidu. Mu duba halin da ya tarar. A 1911 Italiya ta afka wa Libiya. A yaƙin Balkan na 1912 zuwa 1913 daular ta rasa kusan duk ƙasarta ta Turai, har da Salonika, dubban ɗaruruwan Musulmi suka kwararo Istambul suna kwana a harabar masallatai. A watansa na biyu kan kujera aka ƙwato birnin Edirne da aka rasa a yaƙin. Shi ya sa hannu a yarjejeniyar gyaran lardunan Armeniyawa da Rasha a Fabrairun 1914, wadda ta tanadi sufetoci biyu daga Turai. Shi ya soke gatan nan da Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna ci, na cewa ba a gurfanar da su a kotun daular kuma ba sa biyan haraji kamar kowa. Duk wannan ba aiki ba ne?

Batun ƙawance da Jamus kuma, sai da suka ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Talat ya je wurin Sarkin Rasha a Mayun 1914, Jamal ya je Faris a Yuli, ba wanda ya karɓe su. Ingila ma ta ƙwace jiragen yaƙi biyu da aka riga aka biya kuɗinsu, kuɗin da talakawa suka tara da karo-karo. Gaba kura baya sayaki. Me kake so ya yi?

Malam Habu Zariya:
Ustaz, ban musa ko ɗaya ba. Yarjejeniyar ƙawance da Jamus ta 2 ga Agusta 1914 ma zan iya fahimtarta. Har zan ƙara maka hujja: kwana huɗu bayan haka, lokacin da jiragen Jamus biyu, Goeben da Breslau, suke gudun tsira daga jiragen Ingila suna neman shiga mashigin Dardanel, hanyar ruwan da ke kaiwa Istambul, ya kira jakadan Jamus Wangenheim cikin dare ya matsa masa sai da ya amince da sharuɗɗa shida, ciki har da goyon bayan soke wancan gatan. Mutum ne da ya iya ciniki. Dabararsa ita ce a riƙe ƙawancen a aljihu, a yi ta jan ƙafa, kada a shiga yaƙin.

Inda nake tuhumarsa shi ne 29 ga Oktoba 1914. Ran nan Admiral Souchon, Bajamushen da aka ɗora kan rundunar ruwan daular, ya fita Baƙin Teku da izinin Anwar ya yi luguden wuta kan Odesa da Sebastopol da Noborosisk. Babban Waziri bai sani ba. Ka ji fa, shugaban gwamnati, kuma ministan harkokin waje, an buɗe yaƙi da Rasha bai sani ba. Ya fusata, ya ce zai sauka. Aka yi ta lallashi, ya zauna. Ministoci huɗu suka ajiye aiki, ciki har da Jawid Bey na kuɗi da Sulaiman al-Bustani. Su sun ga abin da ya gani, suka tafi. Shi ya zauna shekara biyu da wata uku bayan haka.

Alhaji Ɗanlami Kwari:
Malamai ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ni ɗan kasuwa ne. Ina zuwa Istambul saro kaya, a Laleli nake sauka. Wata tafiya kaya suka yi jinkiri, wani yaro ɗan Katsina da ke karatu can ya ce in zo ya zagaya da ni. Muka shiga jirgin ruwa muka bi Bosforus, ya nuna min gidan wannan mutum a unguwar Yenikoy. Gida ne dogo a bakin ruwa, tagogi jere reras, ruwa na dukan gindin ginin, ga gumakan zakuna biyu da ake yi wa gidan laƙabi da su. Ya ce a cikin gidan nan aka sa hannu a takardar Jamus. Yanzu har biki ake yi a ciki, ana haya.

Washegari ya kai ni kabarinsa. Daga Laleli tafiyar ƙafa ce, kan titin da taragon lantarki ke bi zuwa Sultan Ahmad. Maƙabarta ce ƙarama a jikin hubbaren Sultan Mahmud na Biyu, mutane na shan shayi a gefe, kyanwoyi na kwance kan duwatsun kaburbura. Abin da ya tsaya min a rai, Sultan Abdulhamid da ya sa masa ido har ya bar ƙasar, yana kwance a cikin hubbaren, taku kaɗan tsakaninsu. Na tsaya na yi musu addu'a duka. A lokacin ban san duk wannan da kuke faɗa ba.

Ustaz Nura:
Madalla Alhaji. Malam Habu, mu koma kan Oktoba. Idan ya sauka, wa zai hau? Talat ko Anwar. Shi ya zauna ne don ya ja birki. Bayan harin ma sai da ya aika wa Rasha saƙon neman sulhu, Rasha ta ce sai an kori duk hafsoshin Jamus, abin da ba zai yiwu ba a lokacin. Rasha ta shelanta yaƙi 2 ga Nuwamba, Ingila da Faransa 5 ga wata. Kyaftin ba ya barin jirgi don igiyar ruwa ta taso.

Maman Ilham:
Ustaz, da girmamawa, wane birki ya ja? A nuna mana guda ɗaya. Ni abin da na sani shi ne dokar wucin gadi ta kwashe mutane, ta 27 ga Mayu 1915, da sa hannunsa ta fita, tare da na Sultan da na Anwar. Kafin nan, daren 24 ga Afrilu, an kama manyan Armeniyawan Istambul, marubuta da likitoci da limaman coci, a garin da yake zaune, akasarinsu ba su dawo ba. Aka tasa mata da yara da tsofaffi a ƙafa daga Anadolu, wato ɓangaren Turkiyya da ke Asiya, zuwa hamadar Siriya, wajen Dairuz Zur. Masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda suka mutu daga dubu ɗari shida zuwa miliyan ɗaya da rabi. Gwamnatin Turkiyya har yau ba ta yarda a kira shi kisan ƙare dangi, mafi yawan masana a wajenta kuwa haka suke kiransa. Ko wane suna aka ba shi, rayuka ne.

Ni uwa ce. Idan na tuna mace da goyo tana tafiya wata da watanni ba ruwa, ba na iya cewa wanda ya sa hannu hoto ne kawai.

Sagir Mai Waya:
Hajiya ai su ma Armeniyawan sun haɗa kai da Rasha, sun yi tawaye a birnin Wan. Kuma Turawa ne ke kururuta maganar don ɓata Musulunci.

Maman Ilham:
Ƙanena, an yi faɗa a Wan, kuma akwai Armeniyawan da suka shiga rundunar Rasha, gaskiya ne. Musulmi ma an kashe su da yawa a gabashin Anadolu, wannan ma gaskiya ne. To jaririn da ke Ankara ko Bursa, nesa da fagen daga, da wa ya haɗa kai? Kuma ba Turawa kaɗai suka ce an yi zalunci ba. Jalal Bey, gwamnan Halab, ya ƙi, aka ɗauke shi aka kai Konya, can ma ya ci gaba da kare mutane har aka cire shi. Mazhar Bey na Ankara ya ƙi, aka tuɓe shi. Husaini Nasimi, hakimin Lije, ya ƙi, aka kashe shi a hanya. Ahmad Riza ya miƙe a majalisar dattawa ya yi tir da dokar ƙwace dukiyoyinsu. Duk Musulmi ne. Su ne suka wanke addininmu, ba masu musun abin ba. Kuma duk cikinsu ba wanda ya kai Sa'id Halim girman kujera.

Ustaz Nura:
Hajiya, wannan magana ta shige ni, ba zan yi gardama a kanta ba. Abin da ya faɗa wa kwamitin majalisa da ya yi masa tambayoyi a ƙarshen 1918 shi ne an ɓoye masa, sai daga baya ya ji. Na san za ku ce wannan ba uzuri ba ne.

Malam Habu Zariya:
Ba uzuri ba ne kam. Tun 24 ga Mayu 1915 Ingila da Faransa da Rasha suka fitar da sanarwa cewa za su kama kowane ɗan majalisar ministocin daular da alhakin abin da ke faruwa. Shi ne ministan harkokin waje, teburinsa takardar ta zo. Jakadu suna zuwa wurinsa da koke. A Oktoban 1915 aka karɓe ma'aikatar wajen daga hannunsa aka ba Halil Bey, mutumin Talat. Nan ma ya zauna. Jamal ya rataye manyan Larabawa a Bairut da Dimashƙa ranar 6 ga Mayu 1916, wata guda bayan haka Sharif Husaini ya yi tawaye a Makka. Nan ma yana kan kujera.

Baba Mai Ritaya:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Bari in ba ku labarin kaina, don na san ciwon nan daga ciki.

Shekarun baya an naɗa ni shugaban kwamitin wata ƙungiyar adashin ma'aikata. An zaɓe ni ne don furfurata da kuma an san ban taɓa cin kuɗin kowa ba. Sakatare da ma'aji su ke riƙe da littattafai. Kullum sai a kawo min takardun cire kuɗi a cikin jar jaka, yawanci dab da Magariba ina alwala, a ce ranka ya daɗe sa hannu kawai ake jira, gobe za a kawo bayani. Wata rana na ga an cire kuɗi mai yawa ban san da shi ba. Na yi faɗa, na ce na sauka. Suka zo gidana su biyar, suka zauna kan tabarma a zaure, suka ce Baba idan ka tafi mutane za su firgita su janye kuɗinsu, ƙungiya ta rushe, ka zauna ka gyara daga ciki. Maganar ta yi min daɗi a kunne. Na zauna.

Ban gyara komai ba. Abin da zamana ya yi shi ne ya sa mutane suka ci gaba da zuba kuɗi, suna cewa ai Baba na nan. Ranar da asiri ya tonu, wata bazawara mai shara a ofishinmu ta tare ni a bakin ƙofa da katin adashinta a hannu, duk ya yi laushi don ninkewa. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, Baba, ni don kai na shiga. Ban ci ko kwabo ba, hukuma ma ta wanke ni, amma har yau idan na tuna fuskarta barci ƙaurace min yake.

Don haka Ustaz, na yarda Sa'id Halim ya zauna da kyakkyawar niyya. Ni ma da ita na zauna.

Ustaz Nura:
Allah ya saka da alheri Baba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Abu ɗaya nake roƙo, kada laifin kujerarsa ya sa a watsar da iliminsa. Mutumin nan ya rubuta cewa cutar masu mulkin Musulmi ita ce kwaikwayo, a ɗauko tsarin mulkin da ya tsiro daga tarihin wasu a dasa a ƙasar da ba tasa ba, sannan a yi mamakin ya ƙi kamawa. Ya soki kishin ƙabila a lokacin da abokan tafiyarsa ke rungumarsa. Da Faransanci yake rubutu, Muhammad Akif, wanda ya rubuta taken ƙasar Turkiyya, yana cikin masu fassara shi zuwa Turkanci. Muhammad Iƙbal ma ya yabe shi. Kuma da saukarsa a 1917 ba a jima ba aka ɗauke kotunan shari'a daga ƙarƙashin Shaihul Islam, babban malamin daular, aka mayar ma'aikatar shari'a ta gwamnati. Wataƙila wannan yana cikin abin da zamansa ya tare.

Maman Ilham:
Iliminsa ne ma ya sa abin ya fi min ciwo, Ustaz. Jahili ne da sai in ce bai san hukuncin ran da ba shi da laifi ba.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum daga Nijar. Ina biye da ku tun safe. Akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma ya shafe mu kai tsaye. Gwamnatinsa ce ta sa aka karanta fatawar jihadi a masallacin Fatih ranar 14 ga Nuwamba 1914, ana kiran Musulmin da ke ƙarƙashin Ingila da Faransa da Rasha su tashi. A wurinmu sunan Istambul ba ƙaramin abu ba ne, domin a tarihin baka na Abzin ana cewa daga wurin Sarkin Istambul aka samo sarkinmu na farko, Yunus. A Disambar 1916 Kawusan, jagoran Abzinawa wanda ke tare da ɗariƙar Sanusiyya, ya shigo Agadas da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, suka yi wa barikin Faransawa ƙawanya har zuwa Maris 1917. Da dakarun Faransa suka iso daga Damagaram, abin da suka yi wa garin, har da kashe malamai, tsofaffinmu ba su manta ba. A Darfur ma Sultan Ali Dinar ya amsa kiran, Ingilishi suka kashe shi a Nuwambar 1916.

Ba na cewa Istambul ce ta haifar da waɗannan, mutanenmu suna da nasu dalilan, harajin Faransawa da ƙwace raƙuma sun ishe su. Amma wanda ya yi kira da sunan Halifa, alhali ya san da Jamus aka ƙulla abin kuma shi kansa bai so yaƙin ba, ya kamata ya tuna akwai masu amsawa da jininsu a wuraren da bai taɓa gani ba.

Malam Habu Zariya:
Na gode ɗan uwa, wannan ƙarin ya yi amfani ƙwarai. A ɓangarenmu na Nijeriya sarakuna sun tsaya tare da Ingila, har gudummawar yaƙi aka bayar daga baitulmali.

Bashir Ɗalibi:
To Malam ya ƙarshensa ya kasance?

Malam Habu Zariya:
A nan dole in yi masa adalci. Bayan yarjejeniyar tsagaita wuta ta Mudros, 30 ga Oktoba 1918, Talat da Anwar da Jamal suka tsere cikin dare a jirgin ruwan Jamus. Shi bai gudu ba, alhali yana da dukiyar da za ta kai shi ko'ina. Ya tsaya ya amsa tambayoyin majalisa. Aka kama shi a Maris 1919, Ingilishi suka kai shi tsibirin Malta, ya yi kusan shekara biyu a tsare ba a yanke masa hukunci ba. Da aka sake shi a 1921 ba a bar shi ya koma Istambul ba, sai ya zauna a birnin Rum na Italiya yana rubutu. A farkon Disambar shekarar, yana kan hanyar komawa gida, wani saurayi Ba'armeniye mai suna Arshabir Shiragiyan ya harbe shi. Ƙungiyar da ta kashe Talat a Balin, babban birnin Jamus, a Maris na shekarar ita ce ta aiko shi. Aka kawo gawarsa Istambul, inda Alhaji ya ziyarta. Bai ga soke sarautar Sultan a 1922 ba, bai ga soke halifanci a Maris 1924 ba.

Sagir Mai Waya:
To ai ka ga shi ma zaluntarsa aka yi, an kashe shi ba shari'a.

Maman Ilham:
Haka ne, kisan kan titi ba shari'a ba ce, kuma ban goyi bayansa ba. Da an gurfanar da shi a kotun gaskiya da mun ji daga bakinsa abin da ya sani da ranar da ya sani.

Ustaz Nura:
Malam Habu, na sauko daga inda na fara, amma ban iso inda kake ba. Har yanzu ina ganin bambanci tsakanin wanda ya tsara da wanda ya kasa hanawa, kuma ba zan sa shi a sahu ɗaya da Talat ba.

Malam Habu Zariya:
Ni ma ban sa shi ba, Ustaz. Sahunsa daban, amma yana da sahu.

Baba Mai Ritaya:
Alhaji Ɗanlami, yaushe za ka koma Istambul?

Alhaji Ɗanlami Kwari:
Bayan Sallah in Allah ya yarda, Baba.

Baba Mai Ritaya:
Idan ka je ka sake shiga maƙabartar nan, ka ɗauko min hoton kabarin. Kuma ka tambayi yaron nan ɗan Katsina ko an san inda aka binne Husaini Nasimi.